Wasabi: Yajin da Ke Bi ta Hanci

A shekarar 2019 wata mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ Case Reports, ta buga labarin wata mata 'yar shekara 60 da ta je cin biki a Isra'ila. A kan teburin abinci ta hangi wani koren abu mai laushi, ta ɗauka markaɗaɗɗiyar piya ce, ta ɗebi kimanin cikin ƙaramin cokali ta kai baki. Ashe wasabi ne. Ba a jima ba ta ji ƙirjinta ya yi nauyi, nauyin ya sauka har hannuwa. Ta daure ta zauna aka ƙarasa biki, amma da gari ya waye jiki ya ƙi, sai asibiti. Likitoci suka gano tsokar zuciyarta ta yi rauni na wucin gadi, irin wanda suke kira takotsubo, wanda galibi firgici ko tashin hankali mai tsanani ke jawowa. Aka yi mata magani, bayan kamar wata guda zuciyar ta koma daidai.

Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, shi ya sa ma likitocin suka ga ya cancanci a rubuta. Miliyoyin mutane na cin wasabi kullum lafiya lau. Amma tarkon da matar nan ta faɗa shi ne ke jiran duk wanda zai ɗanɗana shi karon farko, domin ido ne ke fara yaudarar mutum. Mun saba idan abinci zai yi zafi launinsa ya riga ya gaya mana: jan yaji, jan attaruhu, jar miya. Kore kuwa ya fi kusa da abin da ke sanyaya baki, su latas da kokwamba. To ga wasabi nan kore shar, an tara shi a gefen faranti bai fi girman ƙwayar gyaɗa biyu ba, babu wata alamar gargaɗi a jikinsa.

Ka lakato kaɗan ka ɗora a harshe. Daƙiƙa ɗaya, biyu, ba ka ji komai ba sai ɗan sanyi da ɗanɗanon ɗanyen ganye, har ka fara zargin zuzuta shi kawai aka yi. Sai wani abu ya taso daga bayan ganɗa, ya bi ta ƙofar da ta haɗa baki da hanci, ya haura karan hanci, ya tsaya tsakanin idanu. Wasu har tsakar ka suke jin sa. Ido ya kawo ruwa ba tare da ka yi niyya ba, numfashi ya tsaya cak, hannu ya kai kan hanci da kansa. Kafin ka lalubo kofin ruwa, abin ya wuce. Harshe lafiya ƙalau, leɓe bai yi raɗaɗi ba, babu gumi, babu hura baki. Kai ya yi wasai. Wannan saurin tafiyar tasa ya fi ba baƙo mamaki fiye da zuwansa. Masu sana'ar sushi (dunƙulen shinkafa da yankan kifi a kai) a Japan, a tsakaninsu, sukan kira shi namida, wato hawaye.

Wanda ya tashi da yajin tsire da miyar attaruhu yakan zo wurin wasabi da ƙarfin gwiwa, yana ganin ba wani zafin da zai ba shi tsoro. Yana da gaskiya ta fuskar baki, don bakinsa ya saba. Hancinsa ne baƙo. Barkono yana zama a inda ya taɓa, ya yi ta ƙaruwa a hankali, ya daɗe, har gobe ma ya tuna maka da kansa. Wasabi tashi yake yi sama nan take, ya gama aikinsa cikin abin da bai kai minti ɗaya ba.

Inda zafin ke fitowa

Abin mamaki, idan ka ɗauki saiwar wasabi sukutum ka lasa, ba za ka ji wani zafi ba. Ko ka yanki guntu ka sa a baki, sai ka tauna sosai kafin ya motsa. Dalili shi ne tsiron ya ajiye abu biyu a wurare daban-daban cikin ƙwayoyin jikinsa: wani sinadari da ake kira sinigirin, da wani mai farfasa shi da ake kira mayirosines. Muddin ba su haɗu ba, shiru kake ji. Da zarar ƙwaro ya ciji tsiron, ko mutum ya gurza shi, bangon da ya raba su ya fashe, suka gauraya, sai su haifi abu na uku, alil aisotayosayanet, wanda masana ke taƙaitawa da AITC. Makamin tsiron ke nan na korar masu cin sa, ɗan Adam ne ya zo ya mai da shi abin marmari.

Wannan AITC ba ya zama wuri ɗaya. Mai saurin bin iska ne, shi ya sa yake barin harshe ya haura hanci, shi ya sa kuma yake saurin gushewa. Sinadarin zafin barkono, kafsaisin, akasin haka yake: mai maiƙo ne, yana manne wa baki, ruwa ba ya wanke shi sai dai madara ko nono su rage shi.

Har masu karɓar saƙon a jikinmu daban suke. A jikin jijiyoyin da ke sanar da mu ciwo akwai wasu 'yan ƙofofi da ke buɗewa idan wani abu ya taɓa su. A 1997 Farfesa David Julius na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, shi da abokan aikinsa, suka yi amfani da barkono suka gano ƙofar da ake kira TRPV1. Ita ce kuma ke buɗewa idan abu mai zafin gaske ya taɓa fata, shi ya sa ƙwaƙwalwa ke fassara barkono da ƙuna. A 2004 ɗakin bincikensa ya nuna cewa sinadarin wasabi da mastad wata ƙofa daban yake bugawa, TRPA1. Wannan ta biyun ita ce mai gadin jiki daga iska mai cutarwa. Ita hayaƙi ke tsokana, ita ɗanyar tafarnuwa ke tsokana, ita ce kuma barkonon tsohuwa ke kamawa. Ke nan lokacin da wasabi ya haura maka hanci, jikinka ya ɗauka ka shaƙi wani mugun abu ne, ya rufe numfashi, ya saki hawaye don ya wanke ido. Julius ya karɓi lambar yabo ta Nobel ta fannin likitanci a 2021, tare da Ardem Patapoutian, saboda aikinsu kan yadda jiki ke jin zafi da sanyi da taɓi.

Wasu masu bincike a Japan, ciki har da Makoto Imai na Jami'ar Likitanci ta Shiga, sun ɗauki wannan halin suka yi abin amfani da shi: na'urar gargaɗin gobara da ke fesa ƙamshin wasabi a ɗaki, domin kurman da ke barci, wanda ƙarar ƙararrawa ba za ta tashe shi ba. An ba su kyautar Ig Nobel a 2011, kyautar da ake bai wa binciken da ke ba mutum dariya da farko. Ni dai idan na tuna kurma shi kaɗai a ɗaki da dare, gidan na ci da wuta, aikin nasu girma yake yi a idona.

Kuma wannan zafin ba baƙo ba ne gare mu kamar yadda muke zato. Wanda ya taɓa tauna sabon asuwakin arak, irin wanda alhazai ke kawowa tsaraba, ya san ɗan yajin nan da ke tsikarar dasashi ya leƙa hanci. Yaron da ya taɓa tauna 'ya'yan gwanda bisa kuskure ya san shi. Haka saiwar zogale take idan aka kankare ta. Duk waɗannan tsirrai dangi ne na nesa ga wasabi da kabeji da mastad, kuma sinadarai 'yan gida ɗaya ne ke ba su wannan halin. Na wasabi ne dai ya fi saurin tashi, ya kuma zo da zaƙi a bayansa.

Koren da ke cikin bututu

Akwai maganar da ya kamata a faɗa wa duk wanda ya ce ya ci wasabi bai yi masa ba: da wuya in wasabi ya ci. Mafi yawan koren abin da ake ajiyewa gefen sushi a gidajen abinci na duniya, daga Landan zuwa Dubai zuwa Legas, har ma da gidajen sushi masu araha a cikin Japan kanta, haɗi ne na wata farar saiwa ta ƙasashen Turai da ake kira hosradish, da garin mastad, da sitaci, da koren launin abinci. Wani a gari yake zuwa a kwaɓa da ruwa, wani a bututu kamar man goge baki. Hosradish 'yar'uwar wasabi ce, sinadarin zafinsu ɗaya, amma ita tana girma a gona ta yau da kullum, da sauri, da araha. An shigo da ita Japan a zamanin Sarki Meiji, ta kuma samu gindin zama a tsibirin Hokkaido mai sanyi.

Masu yin haka ba su rasa hujja ba. Wasabi na ainihi yana cikin kayan lambu mafiya tsada a duniya. A 2014 BBC ta ruwaito cewa kilo ɗaya na kaiwa kusan dala 160 a sari, ban da abin da mai gidan abinci zai biya. Ga shi ba ya jure ajiya bayan an gurza. Wanda ke sayar da sushi ɗari-ɗari a rana ba zai iya da shi ba. A Japan akwai ƙa'idar da kamfanoni ke bi wajen rubutu a jikin bututu: idan an rubuta hon-wasabi shiyo, rabin wasabin da ke ciki ko fiye na ainihi ne, idan kuwa hon-wasabi iri aka rubuta, bai kai rabi ba. Ko a nan ma sau da yawa karan ganyen tsiron aka niƙa, ba saiwar ba.

Ba na ganin laifin na bututu a matsayinsa na yaji mai araha. Abin da ke damuna shi ne ya karɓe sunan, ya kuma karɓe haɗuwar farko. Shi duka kawai ya iya: ya doki hanci da ƙarfi, ya bar ɗan ɗaci da ƙauri a baki. Mutum ya ci, ya share hawaye, ya yanke hukunci a kan abin da bai taɓa gani ba, wataƙila har abada.

Gonar da ruwa ke gudu a cikinta

Wasabi ɗan asalin tsaunukan Japan ne. A daji yana fitowa a bakin ƙoramu masu sanyi, cikin inuwa, tsakanin duwatsu. Ganyensa faffaɗa ne mai siffar zuciya, furensa fari ƙarami mai kunne huɗu, yana fitowa idan sanyi ya fara ja baya. Abin da muke ta kira saiwa a gaskiya kara ne mai kauri, jikinsa duk ƙuraje-ƙuraje, kowane ƙurji gurbin ganyen da ya faɗi ne yayin da tsiron ke girma.

Tsiro ne mai wuyar sha'ani. Yana son ruwa mai tsabta da ke gudu ba tsayawa, sanyinsa wajen digiri 10 zuwa 15 a ma'aunin salshiyos, rani da damina. Ruwan ya ɗumama, ya ruɓe. Rana ta buge shi kai tsaye, ganye ya ƙone. Ruwan ya tsaya, ya shaƙe. Bayan duk wannan lallashi, sai an jira shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wani irin ma har uku, kafin a tumɓuke saiwar da tsawonta bai wuce tafin hannu ba. Akwai wanda ake nomawa a ƙasa cikin inuwar daji, musamman a lardin Iwate, amma yawancinsa masana'antu yake tafiya. Na ruwa, sawa-wasabi, shi masu sushi ke nema.

A zirin Izu da ke lardin Shizuoka, kudu maso yammacin Tokiyo, mutum zai ga yadda ake yi. Tsaunin Amagi na samun ruwan sama fiye da milimita 3,000 a shekara, ninki uku ko fiye na abin da Kano ke samu. Ruwan ya nutse cikin duwatsun tsohon aman wuta, ya ɓullo a ƙasa a matsayin idon ruwa mai sanyi. Manoma suka sassaƙa gangaren kwari hawa-hawa. A kowane hawa suna haƙa rami mai zurfi, su jera manyan duwatsu a ƙasa, matsakaita a kansu, tsakuwa a sama, sannan yashi. Ruwa na bi ta saman gonar, yana kuma tsiyaya ta cikin duwatsun ya fito a hawa na ƙasa a tace, da sanyinsa, da iskar da saiwa ke buƙata. Wannan tsari, tatami-ishi, wani magini ne na yankin ya ƙirƙiro shi wajen 1892. Kusan ba a sa taki, ba a cika fesa magani ba, ruwan ne ke ciyar da shuka. A gefe kuma akan dasa itatuwa don inuwa, ko a shimfiɗa baƙar raga a sama lokacin zafi. Aikin duk na hannu ne, a sunkuye, ƙafa cikin ruwan sanyi, a wuraren da mota ba ta shiga. A 2018 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya wannan noman na Shizuoka cikin jerin gadon noma mai muhimmanci na duniya.

Japanawa sun san tsiron tun da daɗewa. An tono wasu allunan katako na ƙarni na 7 a Asuka, lardin Nara, ɗauke da sunansa, kuma littafin magunguna na Honzo Wamyo na wajen shekarar 918 ya ambace shi. A lokacin daga daji ake tsinto shi, galibi don magani. Noma ya fara ne a ƙauyen Utogi, can saman kogin Abe, a zamanin Keicho, tsakanin 1596 da 1615, lokacin da mutanen ƙauyen suka ciro na daji suka dasa a wata maɓuɓɓuga, ya kama. Labarin da mutanen yankin ke bayarwa shi ne an kai wa Tokugawa Ieyasu, wanda ya kafa mulkin da ya riƙe Japan sama da shekara 250, lokacin da ya koma zama a fadar Sunpu da ke kusa. Ya ci ya yaba, ya kuma lura ganyen ya yi kama da ganyen da ke tambarin gidansu, sai ya hana a fitar da irin daga ƙauyen. Sai a 1744 wani mutumin Izu, Itagaki Kanshiro, da ya je Utogi koyar da noman naman kaza, ya komo gida da dashe. Daga nan Izu ta kama, tana loda wa jiragen ruwa zuwa Edo, wato Tokiyo ta yau.

A Edo ne wasabi ya gamu da abokin tafiyarsa. Wajen shekarun 1820 aka fara yayin sushi irin wanda duniya ta sani yanzu, dunƙulen shinkafa da yankan kifi a kai, kuma sunan Hanaya Yohei ne aka fi dangantawa da shi. Zamani ne da babu firji. Wasabi na kashe ƙarnin kifi, yana kuma rage yaɗuwar wasu ƙwayoyin cuta, don haka ya samu gurbi tsakanin shinkafa da kifi, bai kuma bar wurin ba har yau. Sai dai kada a ɗora masa abin da ba zai iya ba. Hukumomin lafiya na Japan na nanata cewa wasabi, da gishiri, da khal, da miyar waken suya, babu wanda ke kashe tsutsar anisakis da kan ɓuya a ɗanyen kifi. Daskarewa mai tsanani ko dafuwa ne maganinta.

Ban da Izu, ɗaya babbar cibiyar noman wasabi ita ce Azumino a lardin Nagano. Gonar Daio da ke can ta kai hekta 15, tana shan ruwan ƙanƙarar tsaunuka da ke ɓullowa daga ƙasa, kimanin tan 120,000 a rana, a digiri 13 duk shekara. A nan Akira Kurosawa ya ɗauki wani ɓangare na fim ɗinsa Dreams na 1990.

Kwanon shinkafa a Izu

Na ainihin a Izu na fara cin sa, a wani ƙaramin gidan abinci da ke bakin hanyar tsauni. Abincin, wasabi-don, ba shi da wani tarkace: kwanon farar shinkafa mai zafi, an barbaɗa mata busasshen kifi da aka fere siriri, ga ɗan tulun shoyu, baƙar miyar waken suya. A gefe sai saiwar kanta, da ɗan magurji. Kai za ka gurza abinka.

Magurjin gargajiya katako ne da aka manna wa fatar kifin shak, mai ƙananan ƙaya masu laushi, waɗanda ke farfasa ƙwayoyin saiwar fiye da yadda na ƙarfe zai yi. Dattijuwar da ta kawo abincin ta ga ina riƙe da saiwar ta wutsiya, sai ta juya mini ita. Daga wajen kan ake farawa, inda aka cire ganye, domin nan ne sabon tsiro, ya fi ruwa da ƙamshi. Ta kama hannuna ta nuna mini yadda ake zagayawa a hankali, ba dannawa, ba gaggawa. Abin da ke taruwa a kan magurjin bai yi koren bututu ba. Kore ne mai haske, kusan fari-fari, mai ɗan danƙo, da 'yan ɓurɓushi a ciki. Tun ina gurzawa ƙamshin ya fara tasowa, irin na ɗanyen tsiro da aka karya yanzun nan. Ta yi mini alama in tattara shi wuri ɗaya in ɗan jira.

Jiran nan na da dalili. Sinadaran biyu na buƙatar 'yan mintoci su gama haɗuwa. Zafi da ƙamshi na kaiwa ƙololuwa cikin minti biyar na farko, bayan kamar minti 15 zuwa 20 kuma sun fara tafiya. Shi ya sa ƙwararren mai sushi ba ya gurza na yini, sai na wanda ke zaune a gabansa, kuma idan ya shafa shi yakan rufe da yankan kifin.

Na ɗora shi a tsakiyar shinkafa, na zuba shoyu a kewaye ba a kansa ba, kamar yadda aka nuna mini. Loma ta farko zafin ya zo, ya haura hanci, ido ya ɗan jiƙe, amma a natse ya zo, ya kuma janye da wuri. Abin da ya biyo baya shi ne ban yi tsammani ba: zaƙi. Zaƙi mai sauƙi, mai tsabta, haɗe da ɗanɗanon ganye da wani ɗan gardi, ya zauna a harshe bayan zafin ya tafi. Shinkafar ta ƙara fitowa, kifin ya ƙara fitowa. Na gane cewa aikin wasabi a abinci shi ne ya share hanya don a ji abin da ke tare da shi. Na cinye kwanon, na gurza sauran saiwar na ƙara.

Abin da ke barazana ga ƙoramun

Gonar da aka gina a cikin kwari tana hannun ruwan da ke ciyar da ita. A watan Satumba na 1958 mahaukaciyar guguwar Kanogawa ta afka wa Izu, mutum fiye da 1,200 suka mutu ko suka ɓace a ƙasar baki ɗaya, gonakin wasabi da dama suka tafi da ambaliya. Bayan nan ne aka kawo irin Mazuma daga lardin Wakayama, mai jan kara da danƙo da zaƙi, wanda a yau masu sushi ke ɗauka a matsayin na gaba. A 2019 guguwar Hagibis ta yi wa gonakin Okutama da ke tsaunukan yammacin Tokiyo irin wannan ɓarna. Manomin da hakan ta same shi sai ya sake jera duwatsu da hannu, ya sake dasawa, sannan ya jira shekara biyu kafin ya ga kuɗi.

Ga kuma ɗumamar yanayi, wadda ga tsiron da digiri biyu ko uku ke iya kashewa ba ƙaramin abu ba ce. Dazuzzukan katako da aka dasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kuma yi watsi da su sun rage wa tsaunuka ƙarfin riƙe ruwa. Barewa da aladun daji na shiga gonaki. Manoman sun tsufa, 'ya'yansu sun tafi birni. A 2022 jaridar New York Times, bisa alƙaluman ma'aikatar gona ta Japan, ta ruwaito cewa abin da Shizuoka ke samarwa ya ragu da fiye da rabi cikin shekara goma. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai, domin irin shuka ana iya adana shi a ɗakin bincike, amma sanin yadda ake jera dutse don ruwa ya bi ta inda ake so yana hannun mutane ne, kuma yana tafiya da su.

A wasu ƙasashe an tashi tsaye. Ana noma shi a Taiwan da lardin Yunnan na Sin, da Oregon a Amurka, da tsibirin Tasmaniya, har da Ayislan a cikin rumfunan gilashi. A kudancin Ingila wani kamfani da ya gaji gonakin ganyen ruwa ya fara gwaji a 2010, yanzu yana sayar wa gidajen abinci na Turai. Saboda haka samun saiwar a wajen Japan ya fi sauƙi fiye da shekara 20 da suka wuce, ko da yake tsadar na nan.

Wanda dama ta kai shi inda ake da ita, ya tambaya a nuna masa saiwar, a kuma gurza a gabansa. Ya fara da abin da bai wuce ƙwayar dawa ba, a kan abinci, kada ya lashe shi zalla. Kada ya dama shi cikin shoyu, don ƙamshin zai mutu a ciki. Ya ɗora shi a kan kifin ya tsoma gefe ɗaya. Idan ya taso da ƙarfi, ya shaƙi iska ta hanci ya fitar ta baki, yanzu zai wuce. Ba dole sai da ɗanyen kifi ba: yana tafiya da gasasshen naman sa, da taliyar soba mai sanyi, da farar shinkafa, kuma abinci mai maiƙo na rage masa kaifi, shi ya sa ake ƙara shi a kan kifi mai kitse a rage a kan marar kitse. Musulmi ya lura da wasabi-zuke, wanda ake jiƙa kara da ganyen a cikin dusar giyar shinkafa, ya kuma tambayi abin da aka sa a shinkafar sushi da shoyu, don akwai masu shaidar halal. Idan da yara a tafiyar, kalmar da ake faɗa wa mai sushi ita ce sabi-nuki, zai yi musu nasu babu wasabi. In kuma saiwa aka saya ta rage, a naɗe ta cikin jiƙaƙƙiyar takarda a sa a firji, ana sake jiƙawa, za ta kai makonni. Ranar da za a sake ci a ɗan kankare bakin da ya bushe, a gurza daidai abin da za a ci a lokacin.